CIYAD DA KARNUKA DA ARAHA BA TARE DA CUTA BA

Akwai wata magana da muke so mu jawo hankalin masu karatu gare ta, ko da yake wasu za su ga kamar ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba, watau yadda mai gida zai ciyad da karnukansa in sun kai uku ko huɗu. Gidaje irin waɗannan ba kaɗan ba ne. Akwai mafarauta, akwai masu garken tumaki, akwai masu lambu da gidan kaji a bayan gari, akwai kuma ma'aikatan da aka ba su gida a wurin da babu maƙwabta kusa. Malamai sun yarda a ajiye kare sabo da farauta da kiwo da tsaron gona, amma duk wanda ya ajiye mai rai, to, hakkin cinsa da shansa ya hau wuyansa.

Mun lura masu karnuka sun kasu kashi biyu, kowane kashi kuwa da kuskurensa. Na fari su ne masu watsa wa kare ƙanzo da ragowar tuwo in an samu, in ba a samu ba su sake shi ya nemi sa'arsa a bola. Na biyu su ne masu ganin babu abincin kare sai na buhu wanda aka kawo daga ƙasashen waje. Waɗannan sun ji jiki tun watan Yuni na 2023, sa'ad da aka saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Da yawa da kuɗin buhu ya gagare su, sai suka faɗa cikin kashi na fari ba shiri. Ra'ayinmu shi ne, abincin kare mai kyau mai araha yana nan cikin kasuwar garinmu, muddin an dafa shi, an kuma auna shi, kana mutum bai tara karnukan da suka fi ƙarfin aljihunsa ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin buhun nan. Wani Ba'amurke da ake kira James Spratt shi ya fara sayad da biskit na karnuka a Landan wajen shekarar 1860, abin da ya haɗa kuwa garin alkama ne da kayan lambu da nama. Har yau galibin abincin buhu bai wuce wannan tsari ba: hatsi, kamar masara ko shinkafa, da sassan dabba waɗanda mutane ba su cika so ba, da kitse, da ɗan gishirin gina jiki. Ashe ke nan mai sayen buhun waje yana biyan kuɗin jirgi da na kwastan a kan masara da kayan kwata, alhali ga su nan a ƙofar gidansa.

Wani zai ce ai kare naman daji ne asalinsa, hatsi ba cimarsa ba ne. Wannan ba daidai ba ne. A shekarar 2013 masana na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa jikin kare ya fi na kyarkecin ƙasashen sanyi, wanda shi ne danginsa na daji, iya narkad da sitacin hatsi nesa ba kusa ba, sabo da daɗewarsa yana cin abin da ɗan Adam ke ci. Sharaɗin kawai shi ne hatsin ya dahu sosai. Amma fa tuwo kaɗai ba ya riƙe kare. Ƙa'idar da masu lura da abincin dabbobi a Amurka suka ajiye ita ce, a cikin busasshen abincin babban kare kada furotin, watau abin da ke gina tsoka, ya kasa kashi 18 cikin ɗari, na kwikwiyo da karya mai shayarwa kuwa kada ya kasa kashi 22 da rabi. Masara da dawa ba su wuce wajen kashi 10 ba. Shi ya sa karen da ke zaune a kan ƙanzo za a gan shi haƙarƙari a waje, gashi yana zuba, ba ya iya gudu mai nisa.

To, ga lissafi, mu ɗauki gida mai karnuka huɗu, kowanne nauyinsa kilo 15, kamar yawancin karnukanmu na gida. Irin wannan kare yana bukatar kalori wajen 850 zuwa 900 a yini in ba aiki mai tsanani yake yi ba. Abin da zai ba shi wannan shi ne garin masara ko na dawa giram 150, da nama ko kayan ciki giram 200, da man gyaɗa ko kitse babban cokali guda, da ɗan yankin kabewa. A haɗa na huɗun, tukunyar yini ta zama gari giram 600 da nama giram 800. A wata ke nan gari kilo 18, nama kilo 24. In kuwa abincin buhu ne, kare guda zai ci wajen giram 250 a yini, huɗu su ci kilo guda, a wata kilo 30, watau buhu biyu masu kilo goma sha biyar-biyar. Ba mu sa farashi ba domin na Sakkwato dabam, na Yola dabam, na bana kuma ba na baɗi ba ne. Kowane akawu ya ɗauki alƙalami ya sa kuɗin garinsu a gefen waɗannan lambobi, ya ga wanne ya fi masa sauƙi. Malaman makaranta ma sun sami darasin lissafi mai amfani ga yara.

Naman shi ne mai cin kuɗi, a nan kuwa ake bukatar dabara. Ba tsoka za a saya ba. A je kwata da sassafe a yi ciniki da mahauci guda wanda zai riƙa ajiye huhu da saifa da maƙogwaro da guntattakin da ke ragewa a kan teburi. Wurin masu fige kaji akwai hanji, wurin masu busasshen kifi akwai gutsattsarin ƙasan kwando. Ana iya maye gurbin sulusin naman da wake ko waken suya wanda ya dahu lugub. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma kaɗan ake sa wa, sau ɗaya ko biyu a mako, domin yawanta yana cutarwa. Hatsi kuwa a saye shi da kaka, a niƙa na mako biyu-biyu. Dusa zalla a bar wa awaki, cikin kare ba ya samun abin kirki daga gare ta. Maƙwabta biyu ko uku masu karnuka in sun haɗa kuɗi suka sayi buhun dawa tare, kowa ya rage asara.

Akwai abu guda da hatsi da nama duka suka gaza a kansa, shi ne kalsiyam mai gina ƙashi. Kare mai kilo 15 yana bukatar wajen giram guda a yini, ɓawon ƙwai guda kuwa yana ɗauke da wajen giram biyu. Sabo da haka ɓawo biyu sun ishi karnuka huɗu. A karɓo wurin mai shayi, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa cikin tukunya. Kada a ce dafaffen ƙashi zai yi wannan aiki, musamman na kaza, domin yakan tsage ya soki hanji.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan sha'ani kuwa akwai araha iri uku masu kisa. Ta fari ita ce ruɓaɓɓen hatsi da ƙuliƙulin da ya yi fumfuna, waɗanda akan sayar a rabin kuɗi a ce ai na dabbobi ne. Fumfunar nan tana fid da wani dafi da ake kira afalatoksin mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila sabo da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Kare yana cikin dabbobin da dafin ya fi saurin kayarwa. Kada kuma a zaci buhu ya tsira daga wannan: a farkon 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da labarin mutuwar dabbobin gida fiye da 100 da suka ci abincin buhu mai wannan dafi. Hatsin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba karenka.

Ta biyu ita ce ɗanyen kayan ciki. Sau da yawa akan ga huhu ko hantar tunkiya ko saniya ko raƙumi da wasu ƙulli-ƙulli cike da ruwa, mahauci ya yanke ya jefa wa karnuka. Cikin ƙullin nan akwai 'ya'yan wata ƙaramar tsutsa wadda ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa, yaro ya shafa kare ya sa hannu a baka. Bayan shekaru sai irin wannan ƙulli ya tsiro a hantar mutum ko huhunsa, sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti. Cutar ta addabi makiyayan Turkana na ƙasar Kenya ƙwarai, inda karnuka ke kwana tare da yara. Maganin abin mai sauƙi ne: a ƙone sashen da ke da ƙulli ko a binne shi da zurfi, sauran a tafasa har ya dahu ciki da waje, a kuma karɓi maganin tsutsa wurin likitan dabbobi kamar wata uku-uku.

Ta uku ita ce ragowar miya. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu, miyarmu kuwa ba ta rabuwa da su, ga yaji ga gishiri. Haka nan goro da cakulan da inabi da zabibi duk guba ne gare shi. Ragowar tuwo ko shinkafa marar miya ba laifi a zuba ta cikin tukunyar karnuka, amma a lissafa ta cikin awon garin yini.

Gida mai karnuka da yawa yana da wata matsala dabam, watau rabo. In an zuba abinci a kwano guda, ƙaƙƙarfa ya cinye, ƙarami da tsoho su kwana da yunwa, mai gida kuwa yana ganin ya ba da isasshe. Kowane kare a ba shi kwanonsa, nesa da juna, safe da yamma, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke. Karya mai shayarwa tana cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba, kwikwiyo kuma sau uku ko huɗu yake ci a yini. Karen farauta a ƙara masa tun kafin rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aunin da ya fi sikeli shi ne hannu: a shafa gefen kare, in an ji haƙarƙari amma ido bai gan su ba, awo ya yi daidai. Inda babu firiji a dafa na yini kawai, ko a yanyanka naman a shanya ba yaji.

Ba mu ce abincin buhu ba shi da rana ba. An haɗa shi da sinadaran da tukunyar gida kan rasa, yana da sauƙi ga mai tafiye-tafiye, ya kuma fi dacewa da kwikwiyo mai tasowa. Wanda zai saya ya duba adadin furotin da ranar lalacewa a jikin buhu, ya guji wanda aka buɗe ana aunawa da mudu a rana. Mai dafa nasa kuma ya riƙa sassauya nama da kifi da ƙwai, ya nuna wa likitan dabbobi tsarinsa. Duk sauyin abinci a yi shi sannu-sannu cikin mako guda, in ba haka ba zawo ya biyo baya.

Mun san za a ce, mutane ma ba su ƙoshi ba, ina ta kare? Maganar tana da nauyi, amsarta kuwa tana cikin lissafin da muka yi. Kilo 18 na hatsi da kilo 24 na nama a wata ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Wanda ya ga ba zai iya ba, daidai ruwa daidai tsaki: ya riƙe kare ɗaya ko biyu, ya ba da sauran ga mai bukata, ya kuma kai karyarsa a yi mata aikin hana haihuwa. Kare biyu ƙosassu sun fi biyar mayunwata tsaron gida, domin mayunwacin kare ba ya zama a gida. Yawo yake yi a bola da bayan kwata, a can yake cizo da baƙin karnuka, a can yake ɗauko ciwon hauka ya kawo cikin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar rigakafinsa, sai dai allura ta fi amfani ga karen da aka san inda yake kwana.

Sabo da haka muna roƙon akawuna da malaman makaranta, waɗanda jama'a ke kawo wa takarda su karanta musu, su bayyana wa mafarauta da makiyaya da masu lambu wannan bayani. Mai karnuka ya ƙirga su, ya auna garinsa, ya daidaita da mahaucinsa, ya ware musu tukunya guda, ya sa kuɗinsu cikin lissafin wata kamar yadda yake sa na itace da sabulu. In abin ya fi ƙarfinsa ya rage yawansu tun yunwa ba ta kore su waje ba. Allah ya sa mu gane, ya kiyaye mana 'ya'yanmu.