Wa Ya Raɗa Musu Waɗannan Sunaye?

A shekarar 2019 wata ƙungiyar masana tsohon tarihin Ingila ta cire kalmar "Anglo-Saxon" daga sunanta, bayan doguwar taƙaddama kan yadda masu aƙidar fifita farar fata suka mayar da kalmar tutarsu. Wasunmu sun yi dariya, wai Turawa sun rasa aikin yi. To, mu leƙa namu ɗakin tukuna.

A Kudancin Kaduna, mutanen da muke ce wa Kaje, Bajju suke kiran kansu. Katafawa Atyap ne, Jaba Ham ne, 'yan asalin Kafanchan kuwa Fantswam. Sunayen da bakinmu ya saba da su ta hanyar Hausawa suka shiga takardun Turawan mulkin mallaka, suka zauna daram. Da sunan Katab C. K. Meek ya yi rubutu a 1931. Kafin shi, a 1912, Tremearne ya fitar da littafin da tun daga bangonsa ya siffanta mutanen yankin Kagoro da masu jela, mafarautan kawuna. Ga kuma uwa-uba kalmar "arna", buhun da muke zuba al'ummomi barkatai a ciki mu ɗaure bakinsa.

Za a ce ai haka Hausa ta san su, harshe kuma ba ya neman izini. Madalla! Me ya sa ranmu ke ɓaci in an kira mu "aboki" ko "Gambari" a Ikko? Kalmar farko ma tamu ce, amma mun san raini idan mun ji shi. Ba mu ce suna ne ya haddasa rikicin Kafanchan na 1987 ko na Zangon Kataf na 1992 ba. Sai dai maƙwabcin da aka zubar da jini tsakaninka da shi, kunnensa a buɗe yake ga kowace kalma taka.

Ba mu nemi a goge tsofaffin sunayen daga gidan adana kayan tarihi na Kaduna ba. Mai bincike ba zai gano fayil ba sai da su, kuma hukuma kanta ba ta sauya sunan Ƙaramar Hukumar Jaba ba. In muna kawo maganar tsohuwar takarda, mu kawo ta yadda take. Amma a jimlar da mu muka gina, a kundin digiri ko a aji, ba mu da uzuri. Tun 1995 Agwatyap da Agwam Bajju suke da masarautunsu, ɗalibin Hausa kuwa yana nan yana rubuta "Sarkin Kaje", malaminsa na sa hannu.