Manhajar Waya Ma Tana Bukatar Zaure

A shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. Yau a Baure da ƙauyukanta da wuya mutum ya shiga gida bai tarar da waya ba. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: cikin manhajojin da ke wayoyin nan, nawa ne hannunmu ya ƙera? Mu dai masu saye ne, masu dannawa. A ra'ayinmu lokaci ya yi da makarantarmu za ta koya wa ɗalibai gina ƙaramar manhaja, a kuma fara da darasin da ya fi muhimmanci, wato tsara hanyar da mutum zai bi daga wannan shafi zuwa wancan.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya danna *312# don sayen data ya san yadda jeri ke fitowa, ya zaɓi lamba, wani jerin ya biyo baya. Kowane jeri shafi ne. Haka ma gidan Bahaushe yake. Baƙo ba ya faɗawa ɗakin uwargida kai tsaye. Zai tsaya a zaure ya yi sallama, a shigo da shi tsakar gida, sannan a nuna masa ɗakin da zai shiga. In ya gama, ta hanyar da ya shigo zai fita. Maginin da ya manta ƙofa ya ɓata gida, ko da ya yi wa bango ado irin na fadar Sarkin Daura. Shafin farko na manhaja shi ne zaurenta.

Bari mu kawo misali daga ƙasarmu. Baure tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, mutanenmu kuma suna ciniki da 'yan'uwansu na Magarya ta Babban Mutum. A can sefa ake kashewa, a nan naira. Lissafin ma ya bambanta, domin a bakin mutanen Nijar faran 5 shi ne dala ɗaya, faran 1,000 kuwa jaka ɗaya. Wanda bai saba ba yakan ruɗe, kuma a ruɗewa ake cutuwa. Ɗalibin aji huɗu zai iya gina manhaja mai shafi uku da za ta taimaka. A shafin farko maɓallai biyu ne kawai: naira zuwa sefa, ko sefa zuwa naira. A na biyu mutum ya rubuta kuɗinsa da farashin jaka na ranar. A na uku amsa ta fito da manyan lambobi, tare da maɓallin komawa zaure. Abin lura shi ne, dole shafi na biyu ya miƙa wa na uku adadin da aka rubuta, kamar yadda ake aiken yaro da saƙo. In saƙon ya faɗi a hanya, shafin amsa zai fito wayam.

Kayan aikin ma ba su da tsada. Kamfanin Google ya fito da App Inventor a 2010, daga baya jami'ar MIT ta Amurka ta karɓi kula da shi, kuma kyauta ake amfani da shi. Ba a bukatar haddace dogon rubutun kwamfuta. Ɗalibi yana jawo umarni ne kamar tubala yana jera su: idan an danna wannan maɓalli, a buɗe wancan shafi. Akwai tubalin da ke buɗe shafi tare da ɗauke da saƙo, akwai na rufe shafi a koma baya, akwai kuma ɗan rumbu mai suna TinyDB da ke ajiye bayani a cikin wayar, ta yadda ba sai an sake rubuta farashi kowane lokaci ba.

Muna ganin akwai ƙa'idodi uku da bai kamata a saki ba. Ta farko, kowane shafi ya kasance da hanyar fita. Ɗalibi yakan yi ta buɗe sabon shafi ba ya rufe na baya, sai su taru su cika wa waya ciki, ta tsaya cik. Ta biyu, a taƙaita. Shafi uku masu aiki sun fi goma masu ruɗarwa, da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Ta uku, a rubuta da Hausa, a sa hotuna, sannan a miƙa wa Baba ko Inna su gwada, mu kuma mu kama bakinmu. Duk inda yatsarsu ta tsaya suna neman inda za su danna, laifin na magini ne.

Mun san wasu za su ce wutar lantarki ba ta tsayawa, kwamfutoci ba su wadata ba, ga jarrabawar WAEC da NECO na tafe. Gaskiya ne, ba mu raina waɗannan dalilai ba. Amma rabin aikin nan a takarda ake yin sa. A yanka kwali uku girman waya, a zana maɓallai, wani ɗalibi ya danna da yatsa, wani ya canja kwalin. Nan take za a gane inda hanya ta toshe, ba a ƙona ko digon fetur a janareta ba. Sai zane ya nuna sannan a je ga kwamfuta da intanet. In an gama, manhaja irin wannan tana aiki ba data, ana kuma iya tura ta daga waya zuwa waya. Batun jarrabawa kuwa, wanda ya iya tsara mataki bayan mataki a manhaja ba zai rasa tsara amsar lissafi ko rubutun insha'i ba.

Ga masu ganin abin ya fi ƙarfin 'yan sakandare, mu tuna da 'yan mata biyar na makarantar Regina Pacis da ke Onitsha a Jihar Anambra. A 2018 sun ci lambar zinariya a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka, da manhajar FD Detector mai taimakawa wajen gane jabun magani. Da App Inventor suka gina ta. Sun dubi matsalar da ke kashe mutane a kusa da su, suka nemi magani. Mu ma muna da namu matsalolin: ajiyar wake, ranakun rigakafin yara, cututtukan dabbobi. Ba wanda zai taso daga Amurka ya gina mana manhajar dala da jaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna roƙon Shugaban Makaranta da malamanmu su ware wa wannan aiki awa ɗaya a mako. Muna roƙon iyayenmu su ba mu aron wayoyinsu da haƙurinsu a lokacin hutu, tsofaffin ɗalibai kuma su tuna da mu da tsohuwar kwamfutar da suka ajiye. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, kowa ya nemi kwali da fensir, ya zaɓi matsala ɗaya a unguwarsu, ya zana mata shafi uku kafin zango mai zuwa. Allah ya ba mu sa'a.