Allurar Baya: Ba Magani Ɗaya Ba Ne

'Yan'uwa mata, ba mu san wata allura da ta sha ƙazafi a bakinmu kamar allurar baya ba. A gidan suna ko gidan biki, da an ce wance tiyata aka yi mata aka ciro yaro, sai ki ji wata ta ce, "Allurar baya? Ai ta gamu da ciwon baya ke nan har tsufa." Abin da wannan magana ke jawowa shi ya dame mu. Naƙuda ta yi gardama, likita ya ce sai aiki, mai ciki ta ƙi, maigida kuma ya tsaya jan ƙafa wajen sa hannu, alhali kuwa jaririn da ke ciki ba shi da lokacin jira.

Da farko dai allurar iri biyu ce. Akwai wadda likitoci ke kira sifainal, watau a zuba ɗan magani, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, cikin ruwan da ke kewaye da laka. Cikin kamar minti 5 ƙafafu sun mutu. Ita aka fi yi a asibitocinmu. Akwai kuma efidural, wadda wani likitan soja ɗan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana a 1921. A nan ba a huda tantanin da ya rufe laka. A bayansa ake tsayawa, a bar wani bututu siriri kamar zare, ta inda za a riƙa ƙara magani muddin aiki bai ƙare ba. Da yake maganin da ake zubawa ta nan ya ninka na sifainal sau da yawa, zaɓensa ba abin wasa ba ne.

Duk macen da ke girki ta san bambancin kara da itacen ƙirya. Kara ya kama nan da nan, ya mutu nan da nan. Ƙirya sai an yi haƙuri, amma in ta kama ta daɗe. To, haka magungunan suke. Lidokain, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, shi ne karan. Shi ake sa miki in za a cire haƙori ko a yi ɗinki. A baya yakan kama cikin minti 10 zuwa 15, ya sake bayan awa ɗaya ko biyu, don haka likita kan ɗauke shi in ana gaggawa. Bufibakain, na 1957, shi ne ƙiryar: yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya kama sosai, amma ya riƙe awa biyu zuwa huɗu, har mace ta koma gadonta zafin yanka bai taso ba.

Sai dai bufibakain yana da halinsa. In ya kuskure ya shiga jijiyar jini da yawa yana iya tsayar da zuciya, farfaɗo da ita kuwa da wuya. A 1979 wani likita a Amurka, George Albright, ya ja hankalin 'yan'uwansa kan wannan, a 1983 kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta hana yi wa masu haihuwa efidural da mafi ƙarfinsa. Daga nan aka koma ba da shi kaɗan-kaɗan, ana gwadawa ana dubawa. Wannan tsoro ne ya sa aka fito da rofibakain a 1996. Ya fi sauƙi ga zuciya, ba ya kuma kashe ƙafafu ƙwarai, amma ya fi tsada, ba ko'ina ake samunsa ba.

Wanne ya fi ke nan? Mu a ganinmu tambayar da ta fi wannan ita ce: wa ke riƙe da allurar, kuma me ke kusa da shi? Kowanne daga cikinsu yana iya saukar da jinin mace, saboda haka dole a sa mata ƙarin ruwa, a riƙa auna jini, iskar numfashi tana ajiye. Bufibakain mai araha a hannun gwani ya fi rofibakain a ɗakin da ba mai duba ki.

Ke ma kina da naki aikin, tun da idonki biyu. In kin ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko kunne na ƙara, ko leɓe ya yi nauyi, ko jiri, faɗi nan take, alama ce magani ya shiga jini. Nan ba wurin kunya ba ne, ba kuma wurin nuna dauriyar da aka hore mu da ita ba. Tun ranar awo ki faɗa in kina shan maganin tsinka jini, ko jininki ba ya saurin tsayawa, ko kina da ƙurji a gadon baya.

Zancen ciwon baya kuwa, an bincika, ba a ga allurar tana barin ciwo mai daɗewa ba. Wurin zai yi tsami 'yan kwanaki. Sauran, nauyin wata tara ne da goyo da daka. Abin da ke faruwa da gaske shi ne ciwon kai, ga kamar mace ɗaya cikin ɗari, mai tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta. Yana da magani, a koma asibiti. Masu cewa gara a sa su barci gaba ɗaya su sani ga mai ciki barcin ya fi haɗari, don abin da ke cikinta yana iya tasowa ya shiga huhu.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙarancin masu wannan aiki shi ya sa efidural bai wadata a garuruwanmu ba. Bayan makarantar jinya akwai horo na musamman kan ba da maganin kashe zafi da sa barci, ƙofar kuwa a buɗe take ga mata. Da yawa daga cikin masu ƙin buɗe bayansu ga namiji za su zauna su sunkuya ba gardama in mace ce ke tsaye da allurar.