Yunwa Ba Ta Jin Dokar Hana Fita

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron hankalinku mu tattauna wani al'amari da ya shafe mu duka, watau tarzomar tsadar abinci da wutar lantarki. Ra'ayina shi ne kukan talaka yana kan gaskiya, fasa rumbu kuwa ɓarna ce, kuma mu da za mu riƙe alli muna da aiki babba a tsakanin waɗannan biyu.

Bari mu bi labarin daki-daki. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500. A watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi. To, buhun masara ba ya zuwa kasuwar Jimeta da ƙafarsa. Mota ke kawo shi daga Ganye ko Mubi, mota kuwa mai ta ke sha. Direba ya ƙara wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ƙara wa mai awo, mai awo ya ƙara wa uwar gida, ita kuwa ba ta da wanda za ta ƙara wa sai ta rage tuwo. Wata biyu kacal bayan haka, ranar Lahadi 30 ga Yuli, jama'a suka fasa rumbunan abinci a Yola da Jimeta, har Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa dokar hana fita dare da rana. Irin wannan ta taɓa faruwa a garin nan cikin Oktoba, 2020.

Sa'an nan wuta ta biyo baya. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 ga waɗanda aka ce ana ba su wuta awa 20 a rana, ko da ya ke an ɗan rage daga baya. Ga lissafin da ɗan aji huɗu zai iya: yunit 100 a kan Naira 225 ya kama Naira 22,500, watau kusan sulusin Naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙanƙantar albashi a Yulin wannan shekara. Wani zai ce ai masu hali kaɗai ƙarin ya shafa. Haba! Mai injin niƙa da mai walda da mai ƙanƙara, in an ƙara musu, a jikin wa za su fanshe? Abin takaici kuma, cikin wannan wata na Afrilu, lokacin da zafin Yola ya ke wuce awo 40, ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta tsakanin Jos da Gombe, aka bar Yola da Jalingo cikin duhu.

Don haka ba wanda ya kamata ya yi mamakin abin da ya biyo baya. A Fabrairun 2024 mata da samari sun tare hanya a Minna. Ranar 3 ga Yuni ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya. A wannan wata hukumar ƙididdiga ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Daga 1 zuwa 10 ga Agusta kuwa aka yi babbar zanga-zanga, aka sa dokar hana fita a Kano da Maiduguri da wasu garuruwan Arewa. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe mutum 24 ko fiye.

Ga hukuma ina cewa, rigakafi ya fi magani. Dokar hana fita tana kulle titi na kwana ɗaya ko biyu, amma mai dako da mai tura ruwa da ɗan Keke Napep, waɗanda sai sun fita su ke ci, ita ce ta ke ƙara musu yunwa. Tun da aka janye tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga Tarayya ya ƙaru. Ya kamata a riƙa bayyana wa jama'a, da harshen da su ke ji, nawa ya shigo, nawa ya tafi ga taki da iri da noman rani. Ga Binuwai ta ratsa mu, ga tafkin Geriyo a bayan gari, ga madatsar Kiri a kan Gongola. Abin kunya ne ƙasa mai wannan ruwa ta jira damina kaɗai. A 2025 farashin hatsi ya sauko, muka ji daɗi, amma manoma suka koka cewa kuɗin amfanin gona bai mai da na taki ba. Manomin da ya yi hasara bana ba zai faɗaɗa gona baɗi ba, kuma daga nan wata tsadar ta ke somawa.

Ga masu fasa rumbu kuma ina cewa, ku duba wa kuka cuta. Ƙarfafa ne ke kwashe buhuna. Tsohuwa da gurgu da marayan da aka ajiye hatsin dominsu ba sa iya kutsawa cikin turmutsitsi. Mai shagon da aka wawashe maƙwabcinku ne, gobe kuma wurinsa za ku je neman bashin sabulu. Wanda ya fito da kwali a hannu yana faɗin damuwarsa cikin lumana, tsarin mulkin ƙasa ya ba shi wannan dama, amma da zarar an ɗauki dutse, sai a bar zancen farashin gero a koma zancen tsaro, kukan kowa ya bi ruwa.

Yanzu sai namu. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da waɗanda aka kama lokacin zanga-zanga a wata kotu a Abuja, da yawansu yara ƙanana, wasu har suka faɗi don galabaita, kafin Shugaban Ƙasa ya ce a sake su. Sa'o'in waɗanda za mu koyar ne, kuma a cikin aji ya kamata a same su. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In mun fita aiki, mu koya wa yara lissafi da farashin kasuwar garinsu, su san dalilin da mudu ya ke hawa. Mu koya musu rubuta takardar koke zuwa ga kansila da ɗan majalisa, da ladabi amma ba da tsoro ba. Mu farfaɗo da gonar makaranta, mu fara da ta kwalejin nan. Ina kuma roƙon ƙungiyar muhawara ta sa wannan magana cikin jerin wannan zango, a gayyato manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin lantarki, kowa ya faɗi nasa a gabanmu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanninmu kunnen jin kukan talakawa.

Daga wani ɗalibin aji uku