Guduma da Na'ura: Yadda Marvel Ta Haɗa Tatsuniya da Kimiyya

A wannan makon za mu leƙa finafinan kamfanin Marvel na Amurka, waɗanda da yawanmu mun sha kallo a waya ko a gidan kallo. Tambayar da za mu duba ita ce wadda ake yawan musu a kanta a bayan aji: yaya aka yi mutumin da ya ƙera sulken ƙarfe da hannunsa yake fita yaƙi tare da wani mai guduma, wanda mutanen da suka ɗauka shi ne mai saukar da tsawa? Ina injiniya, ina gunkin mutanen da?

Mu faro daga tushe. A shekarar 2008 aka fitar da fim ɗin Iron Man, labarin Tony Stark, attajiri kuma gwanin ƙere-ƙere. A cikin wannan fim babu tsafi ko ɗaya. Duk abin da ya yi, da ƙarfe da waya da kwamfuta ya yi shi. Haka ma Hulk, gwajin kimiyya ne ya lalace ya mai da shi abin da ya zama. Captain America kuwa allura aka yi masa ya sami ƙarfi. Dabarar da kamfanin ya ɓullo da ita ita ce a sa duk waɗannan jarumai su zauna a duniya ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya, ta yadda abin da ya faru a wannan fim zai shafi na gaba. A 2012 aka tara su a fim ɗin The Avengers.

To, a nan gizo ke saƙa. Ɗaya daga cikin jaruman da ake son tarawa shi ne Thor, shi kuwa ba a ɗakin gwaji aka haife shi ba. Sunansa ya fito ne daga tsohon addinin mutanen arewacin Turai, wato yankin da Norwe da Suwidin da Denmak da Aisland suke a yau. Kafin su karɓi addinin Kirista suna bautar Odin da Thor da wasunsu. Suna cewa waɗannan suna zaune a wani wuri mai suna Asgard, kuma bakan gizo shi ne gadar da ta haɗa can da duniyar mutane. Gadar suna kiranta Bifrost. Thor yana da guduma mai suna Mjolnir, yana hawa keken da bunsuraye biyu ke ja. Har yau sunansa yana nan a bakin duk mai jin Turanci, domin daga gare shi aka samo sunan ranar Alhamis, wato Thursday. A 1962 ne Stan Lee da Larry Lieber da Jack Kirby suka ɗauko shi suka sa a littattafan labarin zane na Marvel.

Da aka zo yin fim ɗin Thor a 2011, wanda Kenneth Branagh ya ba da umarni, sai masu shirin suka nemi mafita. Suka nuna cewa mutanen Asgard wasu halittu ne daga wata duniya mai nisa, masu tsawon rai, waɗanda suka yi wa mutane fintinkau a ilimi. Sun taɓa sauka a Norwe fiye da shekara dubu da suka wuce, mutanen lokacin suka ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsu, suka kama bauta musu. Gadar bakan gizo kuma aka mai da ita na'ura mai buɗe hanya tsakanin duniyoyi. An ma canza wa Jane Foster aiki: a tsofaffin littattafan zane ma'aikaciyar jinya ce, a fim ta zama masaniyar taurari, don a sami wadda za ta fassara wa mai kallo abubuwan mamaki da yaren kimiyya. Tunanin da aka jingina da shi sananne ne daga marubucin nan ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, wanda yake ganin in fasaha ta yi nisa sosai, wanda bai san kanta ba zai ɗauka sihiri ce. Ku kwatanta da wanda ya rayu shekara ɗari biyu da suka wuce, a ce an miƙa masa waya yana ganin fuskar ɗan'uwansa da ke Makka yana magana.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne wannan dabara ta girmi Marvel nesa ba kusa ba. Yawancin abin da aka sani game da Thor da Odin ya zo ne ta hannun wani malami ɗan Aisland mai suna Snorri Sturluson, wanda ya rubuta littafin Edda wajen shekarar 1220. Shi Kirista ne, kuma ya yi rubutun bayan mutanen ƙasarsa sun bar tsohon addinin da kimanin shekara ɗari biyu. A gabatarwar littafin an bayyana cewa waɗannan abin bauta mutane ne 'yan ƙasar waje da suka zo daga gabas da hikima da dukiya, sai 'yan ƙasa suka ɗaukaka su. Marvel ta sauya "gabas" da "sararin samaniya" ne kawai.

Da tafiya ta yi nisa, kamfanin ya daina damuwa da bayani. A Doctor Strange na 2016, likitan tiyata ne ya koyi sihiri, kuma da sunan sihiri aka bar shi. A Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, aka gwama biyun a tukunya ɗaya. Arzikin ƙasar Wakanda ya dogara da wani ƙarfe mai suna vibranium da ya faɗo daga sama, da shi Shuri take ƙera jirage da makamai. Amma sarkin yana samun ƙarfinsa daga wani ganye da aka ce Bast ce ta nuna wa kakansa, kuma in ya sha yakan gana da magabatansa da suka mutu. Ita Bast an aro ta ne daga gumakan tsohuwar Masar. A 2022 kuwa aka fito da Khonshu na Masar a shirin Moon Knight, da Zeus na Girka a Thor: Love and Thunder, ba tare da an tsaya dogon bayanin kimiyya ba.

Mene ne amfanin wannan haɗin gambiza? A ganinmu kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Tatsuniya tana kawo abin da ke taɓa zuciya: uba da 'ya'ya, kishi tsakanin 'yan'uwa, rigimar gadon sarauta. Wanda bai taɓa jin sunan Asgard ba zai gane zafin da Loki yake ji da ya ga an fifita Thor a kansa. Kimiyya kuma tana sa labarin ya yi kama da abin da zai iya faruwa gobe. Illar ita ce in aka ce komai yana yiwuwa, fargaba takan fita daga labari. In wanda ya mutu zai iya dawowa ta hanyar komawa baya a lokaci ko ta wata duniyar, mutuwar jarumi ba ta ƙara sa kowa kuka.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu a matsayinmu na ɗalibai. Duk lokacin da muke kallon irin waɗannan finafinai, abu uku ne aka dama mana a kwano ɗaya: abin da mutanen da suka faɗa, abin da kimiyya ta tabbatar, da abin da masu fim suka ƙaga. Wanda bai iya rarrabe su ba zai fita da ilimin bogi, kuma wata rana zai iya zuba shi a takardar jarrabawa.

Mu ɗauki na farko. A tsofaffin labaran arewacin Turai, Loki ba ƙanen Thor ba ne. Da Odin ya ƙulla 'yan'uwantaka ta rantsuwa. Hel, mai mulkin matattu, 'yar Loki ce, amma a Thor: Ragnarok na 2017 aka mai da ita Hela, babbar 'yar Odin. Thor na asali ma jan gemu gare shi. Wanda ya ce ya san tarihin waɗannan mutane don ya kalli fim, tamkar wanda ya ce ya san Kano ne don ya wuce ta tasha.

Na biyu, kimiyya. A fim an kira Bifrost da sunan gadar Einstein da Rosen. Wannan suna na gaske ne. A 1935 Albert Einstein da Nathan Rosen suka nuna a lissafi cewa ana iya samun gajeriyar hanya tsakanin wurare biyu masu nisa a sararin samaniya. Ku ɗauki takarda ku ɗiga ɗigo biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan ku naɗe ta har ɗigon biyu su haɗu. Wannan shi ne tunanin. Dalilin da ya sa marubuta suke ƙaunarsa shi ne nisan taurari: haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa da rana. Sai dai har yau babu wanda ya taɓa ganin irin wannan gada, a lissafi kawai take. Vibranium kuwa ku duba jadawalin sinadarai 118 da ke bangon ɗakin gwajinku, ba za ku same shi ba. Tsawa ma ba ta bukatar guduma. Walƙiya wutar lantarki ce da ke taruwa a gajimare, ita ke zafafa iska farat ɗaya har ta yi ƙara. Tunda sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, in damina ta zo ku ƙirga daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa: kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ke nan tsakaninku da ita.

Akwai kuma wani tarko da ya fi waɗannan haɗari. A fim ɗin Eternals na 2021 an nuna wasu baƙi daga sama da suka zauna cikin mutane shekara dubu bakwai, har ɗayansu ne ya ba mutane garma. A matsayin labari babu laifi. Amma a waje akwai masu yaɗa irin wannan magana da gaske, suna cewa wasu halittu ne suka gina dalar Masar. Alhali masu binciken tarihi sun tono garin ma'aikatan da suka yi ginin a Giza kimanin shekara 4,500 da suka wuce, har da wuraren gasa burodinsu da kaburburansu. Irin wannan raini aka yi wa ganuwar duwatsu ta tsohuwar Zimbabuwe, inda Turawan mulkin mallaka suka daɗe suna musun cewa 'yan Afirka ne suka gina ta. Duk wanda ya ce sai da baƙo daga sama kakannin mutane suka iya abu, ya ƙwace musu guminsu.

Sannan a lura da bambanci tsakanin addinin da ya zama tarihi da abin da mutane suka yi imani da shi a yau. A Black Panther an sa ƙabilar Jabari tana ambaton Hanuman, wanda miliyoyin mabiya addinin Hindu suke girmamawa har gobe. A shirin Ms. Marvel na 2022, labarin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, an kira wasu halittu daga wata duniyar da sunan aljanu. Ga Musulmi kuwa aljanu suna cikin Alƙur'ani, har da sura sukutum da sunansu. Saboda haka abin da ya shafi imani, a wajen malamai da iyaye ake neman bayaninsa. Masu fim 'yan kasuwa ne, abin da zai cika gidan kallo suke nema.

Wannan ba yana nufin mu daina kallo ba. Wanda ya saurari labarin Gizo da Ƙoƙi bai taɓa tsammanin gizo-gizon da ke kusurwar ɗaki zai yi masa magana ba, amma ya ji daɗi kuma ya ɗauki darasi. Haɗa almara da sararin samaniya ma ba baƙon abu ba ne a adabinmu: tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Ku tambayi malaminku na Hausa ko akwai shi a laburaren makaranta.

Ga aikin wannan mako. Ku zaɓi fim ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata, ku raba shafin littafinku gida uku: tatsuniyar asali, kimiyyar gaske, ƙagen masu fim. Ku rubuta abu biyu a ƙarƙashin kowanne, ku kai wa malamin kimiyya da na tarihi su duba muku. Waɗanda suke da sha'awar rubutu kuma su gwada gajeren labari na shafi ɗaya da ya haɗa wata tatsuniya da suka ji a gida da wata na'ura da suka ƙaga, da sharaɗin su kafa wa labarin doka kuma kada su karya ta. Ku aiko mana, za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.