Ɗaukar Hoton Shamuwa

Jama'a, damuna ta kusa, shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka, tana sheƙa a itatuwan Jiga Makera. Mun gwada ɗaukar hotonta da waya, muka tarar ba a yinsa da gaggawa. Tilas muka zauna shiru, rana a bayanmu, muna jiran ta juyo. Kafin ta juyo, tunanin bashin taki da kuɗin makaranta ya lafa. Bashin yana nan, amma ran nan ba mu huce haushi a kan yara ba. To, ran Asabar da sassafe ku kai yaranku bakin Gulbin Zamfara a Jega, ku jira zalɓe da balbela. Danƙon harbi kuwa a bar shi gida.