Dogon hannu da doguwar ƙafa

Bahaushe bai raba ƙafa gida biyu ba. Daga cinya har tafi, sunanta ƙafa. Bafaranshe kuwa ya ce jambe daban, pied daban, kamar yadda Ingilishi ya ware leg da foot. A cikin aji wannan ba ya damun kowa, amma a gundumar Magarya da ta Dungas, inda mutum kan karya kumallo da sefa ya ci abincin rana da naira, yakan kai ga asarar dukiya.

A dubi sha'anin awo. Ingilishi yana auna tsawo da foot, Hausawan Najeriya suka mai da shi ƙafa, wato santimetir 30 da ɗan ɗori. Nijar kuwa metir ta gada. Ɗan kasuwar da ya bi ta Tinkim da Babban Mutum ya sauka Kano sarin katako, da ƙafa za a yi masa ciniki. Ya dawo gida, kafinta na tambayarsa da metir. Ta fili ta fi zafi. Idan dillali a ƙetaren iyaka ya ce "hamsin da ɗari", ƙafa yake nufi, abin da bai wuce murabba'in metir 465 ba. Wanda ya ɗauka metir ake faɗi, ya lissafa 5.000, ya biya kuɗin gona ya tarar da kangon gida.

Ita leg ta Ingilishi tana da ƴaƴa da yawa. Tebur na da ita, wando na da ita, a nan sun yi daidai da Hausa. Amma suna kiran kowane zango na tafiya da ita, har karawar farko da ta biyu a wasan ƙwallo, waɗanda mai sauraron rediyon Yamai ya sani da aller da retour. Sannan ga long leg ta Ingilishin Najeriya, wato mutumin da ya san manya, wanda takardarsa ba ta kwana a ofis. Bafaranshe a nan hannu ya kama, ya ce mai bras long. To, hattara ga ma'aikacin da ke tafinta: in ya juya wannan kai tsaye ya ce Alhaji wane yana da dogon hannu, ya kira shi ɓarawo ke nan a bainar jama'a, kuma ba lalle ne maganar ta tsaya ƙofar biro ba.

Hausa ma ta san wannan hanya, sai dai ƙafar wani take kamawa. Kamun ƙafa ake yi idan dosiye ya daɗe ana jan ƙafa a kansa, kuma sau da yawa mai jan ƙafar jira yake a zo a kama. Wanda aka yi wa ƙafar ungulu ya rasa kwangila, sai ya sa ƙafar wando ɗaya da abokin gabarsa, daga baya ya ɗauke ƙafa daga gidansa. Akwai kuma farar ƙafa, wadda ake liƙa wa mace idan arzikin miji ya karye bayan aure. Wannan camfi ne mai kashe aure, kuma ba a cika jin an liƙa wa namiji shi ba.

Da ake cewa zumunta a ƙafa take, mutanen bakin iyaka sun ga zahirinta. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. Ƙafar mota ce ta tsaya. Ta mutum da ta jaki ba su daina bin gonaki zuwa biki da ta'aziyya ba, balle ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari.

Saura lanƙwasar kan harafi. Tsofaffin injinan buga takarda na Faransanci ba su da ƙ, shi ya sa ƙafa kan fito kafa, alhali kafa ƙofa ce ko huda, jam'inta kafofi, kamar kafofin watsa labarai. Sai mai karatu ya ga an rubuta cewa wani fursuna ya samu kafa, ya rasa gane ko tserewa ya yi ko ta roba likita ya sa masa.